Damanar da Na Sake Koyon Tashi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan na manta su. Amma shekarar da gwiwata ta dama ta ƙi ni, har aka kusa raba ni da garkata ta bakin tabkin Madarumfa, wannan tana nan daram a raina har in koma ga Allah. Ni ba mai yawan magana ba ce. Ban yi lakwal ba, wato boko, allo ma ban yi nisa ba. Abin da ya faru kawai zan faɗa.

Mijina ya rasu ya bar ni da yara uku ƙanana da garka ɗaya, wato ɗan lambun da muke noman rani a cikinsa. Ƙasar bakin tabki ba kamar gonar tudu take ba, tana da nata tsari. Da damana ruwa ya rufe ta. In kaka ta yi ya ja baya ya bar baƙar laka, sai maigari ya sauko da dattawa ya tabbatar wa kowa wurinsa. Wanda ya noma bara shi ke da wurin bana, muddin gidansa na da mai yin aikin. In babu, a ba wani, don ba a barin ƙasa irin wannan ta zauna banza. Da na fita takaba na je na ce ni zan yi. Aka ɗan yi dariya, aka bar mini. Maza biyu sun aiko neman aurena a wannan shekara, na ce a gaishe su.

Albasa nake sawa, da taba, da ɗan tumatir da tattasai. Rijiyar garka ba irin ta gari ba ce da ake jefa guga. Rami ne mai faɗin baki, an sassare matakala a jikinsa, ka sauka ka cika tulu, ka hau da shi. A shekarun nan da ruwan sama ya yi ƙaranci, tabki ya gudu can nesa, ruwan rijiya ya yi ta yin ƙasa. Duk ya sauka sai in bi shi da haƙa. Don kada sara ya ci mini lokaci, sai na yi matakan da nisa tsakaninsu, kowanne sai na ɗaga ƙafa har gwiwa ta kusa taɓa cikina. Kuma kullum da ƙafar dama nake hawa, ita na saba. Tun asuba nake wannan hawa da sauka har rana ta take. In na gama ban ruwa kuma in durƙusa tsakanin fangali ina cire ciyawa har la'asar. Rani biyu na yi haka. Ban taɓa tunanin jiki yana ƙarewa kamar yadda bakin fartanya ke ƙarewa ba.

Ciwon bai zo da faɗuwa ba. Ban yi tuntuɓe ba, ba abin da ya buge ni. Ya fara ne kamar ɗan tsinke a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, sai in zan sauka ramin nake jin sa. Daga baya ya zama in na tashi da safe sai in ji ta sandare, in na lanƙwasa ta tana ƙara kamar ana taka busasshen kara. Sai kumburi. Na yaga tsohon zane na ɗaure ta tam a ƙarƙashin zanena, na ci gaba. Ban gaya wa kowa ba, kuma ina da dalili. Garkar wan mijina tana jikin tawa, shinge ne kawai tsakaninmu. Gidansa cike yake da baki, kuma tun farko bai so aka bar wa mace wurin ƙanensa ba. Na san in ya ga ɗingishi magana za ta tashi. Saboda haka in yana nan sai in miƙe tafiyata sosai, in ya juya baya in jingina da shinge ina numfashi.

Ana dab da cire albasa abin ya faru. Da hantsi ne. Na cika tulu, na ɗora a ka, na taka matakala ta sama da ƙafar dama kamar kullum. Ba ta yi zafi fiye da na jiya ba, sakina kawai ta yi. Na koma ƙasan ramin da baya, tulu ya fashe a gefena. Wanda ya ji ƙarar ya zo ya fito da ni, shi ne wan mijin nawa. Ya ga tsumman da na ɗaure, ya ga gwiwa kamar ƙwaryar fura.

Ya ce, “Tun yaushe?”

Na ce, “Ba a daɗe ba, Yaya.”

Ya dubi tsumman, wanda ya riga ya yi baƙi ya ci fatata. Ya ɗora ni a jakinsa ya kai ni gida. Matan unguwarmu ne suka cire mini albasar suka shanya tabar, Allah ya saka musu. Da wannan muka ci abinci a watannin da suka biyo.

Aka kira wanzami. Ya yi tsaga, ya kafa ƙaho, ya nuna mini baƙin jini a sakaina ya ce ga ciwon nan ya fito. Na ji sauƙi kwana biyu, kumburi ya dawo. Ya ce to sai sakiya, a huda da jan ƙarfe ruwan ya fita. Na taɓa ganin wadda aka yi wa haka a garinmu, ƙafar ta ruɓe. Na ce ya mai da ƙarfensa zabira. Sai kowa ya ce in kwanta kada in motsa ta. Na kwanta. Bazara duk a tabarma na yi ta. Ina kwance aka zo da labarin soja sun karɓi mulki a Yamai, ban ko ɗaga kai ba. Kumburi ya sauka, gaskiya ne. Amma ranar da na yaye zane na dubi ƙafafuna biyu, sai na ga cinyar dama ta zama kamar muciya. Na dafa bango na tsaya, ƙafar ta yi karkarwa ta zube da ni.

Aka ɗauke ni a amalanke aka kai ni wurin likita. Layi ne har waje, yawanci mutanen da yunwa ta koro daga arewa. Da aka zo kaina ya danna nan, ya lanƙwasa can, ya tambayi aikina. Na gaya masa.

Ya ce, “Ba karaya, ba targaɗe. Aiki ne ya ci gwiwar, kwanciya kuma ta ci cinyar. Cinya ce ke riƙe gwiwa. Sai kin sake gina ta.”

Ya nuna mini yadda zan miƙe ƙafa in ɗaga, ya ba ni ƴan ƙwayoyi a takarda.

Na ce, “Allura fa?”

Ya ce, “Allura ba ta gina tsoka, baiwar Allah. Ki yi abin da na ce.”

Ya kira na bayana. Na fito raina a ɓace. A wurinmu magani abin sha ne, ko na shafawa, ko a huda ka ka ji zafi. An jijjiga ni a amalanke tun daga gida don a ce in ɗaga ƙafa. Ƙwayoyin na shanye, maganar na bar ta a can.

Ruwan farko ya sauka, kowa ya tafi shuka. Ranar nan da yamma wan mijina ya yi sallama, ya tsuguna a ƙofar ɗakina.

“Ya jikin?”

“Da sauƙi, Yaya.”

“Sauƙi na Allah ne. Magana na zo da ita, kuma ba ta faɗa ba ce. In ruwa ya ja zan roƙi maigari a haɗa garkar nan da tawa. Ke da yara ku dawo tukunyarmu. Ina raye ɗiyan ƙanena ba za su kwana da yunwa ba.”

“Na gode, Yaya. Amma ban mutu ba tukuna.”

“Ban ce kin mutu ba. Tashi ki raka ni ƙofar gida.”

Ban iya ba. Ya jira kaɗan, ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Yau da na tsufa zan faɗi gaskiyarsa: ba mugu ba ne, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Amma ni marainiya na tashi, a gidan da ake zuba mini. Na san yadda yaro ke bin ludayi da ido, ya ga ya wuce akushinsa bai cika ba, ya yi shiru. Garkar nan ita ce ta sa ƴaƴana ke cewa a ƙara musu. Ita ce kawai nake da ita.

Bayan kwana kaɗan taubashina ya zo. Ɗan gwaggona ne, ya girme ni sosai, ya yi soja zamanin Faransa ya dawo yana kiwon awaki. Tsakaninmu wasa ne tun ina ƙarama, tunda ni ɗiyar namiji ce shi ɗan mace, bawana nake ce masa. Tun daga zaure na ji muryarsa.

“Ina gurguwar? An ce uwar ɗakina ta zama tabarma, na zo in naɗe.”

“Shigo, bawa. Tunda ka zo ka share mini tsakar gida.”

Ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗaki ya zauna. Ya tambayi mi wanzami ya yi, na faɗa, ya tsuke baki. Ya tambayi mi likita ya ce, na faɗa masa ina tsaki. Ya yi dariya har tari ya kama shi.

“To ai mutumin nan ya ba ki magani, kika zubar a ƙofarsa.”

“Wane magani? Ɗaga ƙafa?”

Ya naɗe wandonsa ya nuna mini gwiwarsa. “Kin ga wagga? Kada ki ji ƙaryar da nake wa yara a dandali, ba harsashi ya same ta ba. Tafiya ce da kaya a baya, kan duwatsu, wata da watanni. Ta kumbura kamar taki. Aka kwantar da mu asibitin soja, wani ƙato ya riƙa ɗaura mana jakar rairayi a ƙafa yana sa mu ɗagawa. Mun zage shi da Hausa har mun gaji. To, kin taɓa ganin ina ɗingishi?”

“Ƙafarka lafiya lau. Kanka ne ke ɗingishi.”

“Na ji. Miƙe ƙafar.”

Haka muka fara. Bai taɓa sa hannu a jikina ba, yana daga ƙofa yana nunawa da tasa ƙafar, ni ina ciki ina bi. Da farko ba ɗagawa ma. Na naɗe tsumma na sa ƙarƙashin gwiwa, in danna shi ƙasa har cinya ta yi tauri, in riƙe, in saki. Abin da yaro zai yi yana wasa, ni sai da gumi ya keto mini. Cinyar tana rawa kamar akuyar da ruwa ya daka. Da ta fara jin magana sai ɗagawa, ƙafa a miƙe, a hankali sama, a hankali ƙasa. In na yi sauri sai ya ce, “Dusuma, dusuma.” Da Faransanci wai a hankali ke nan. Daga baya ya sa na ƙulla rairayi cikin tsohon kallabi, cikin tafin hannu ɗaya, na ɗaura a idon sawu. In na saba da shi a ƙara wani tafin.

Doka ɗaya ya ba ni. Ya ce, “In ta yi zafi kina yi, ta huce kafin wata salla, ci gaba. In ta kwana da kumburi, kin yi zalama, ki rage.”

A zaune nake salla a lokacin. Sai na haɗa su: duk na sallame, in ɗaura kallabin rairayi in yi nawa, sannan in jiƙa tsumma da ruwan randa in ɗora a gwiwa. Tsakani kuma ina kaɗin auduga, don hannuna lafiyarsa lau. Ba abin da ya fi wannan magani gundura. Ba ɗaci, ba jini, ba wanda zai zo ya ce miki sannu. Ke ce da ƙafarki da bango.

Da gero ya kai gwiwa na fara zaga tsakar gida ba sanda. Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ji ana noma na biyu a gonar tudu, na ɗauki fartanya na bi mata, na yi rabin yini a sunkuye. Washegari gwiwa ta cika fam, ko taka ta ban iya. Taubashina ya zo ya gani. Ranar bai yi wasa ba.

“Garkar kike so, ko so kike a ce kina da zuciya?”

Ya shimfiɗa buzunsa ya zauna a ƙofa.

“Kowa ya san kina da zuciya. Ita ta kai ki nan. Kwance rairayin, ki koma danna tsumma.”

Ban taɓa jin magana ta ƙona ni kamar wannan ba. Na koma farko kamar ban yi komai ba. Ban sake yin gardama ba.

Da na dawo inda nake, sai ya sa aka kife mini turmi a tsakar gida. In zauna a kai, in tashi ba tare da na dafa komai ba, in sake zama a hankali ba faɗawa ba. Da turmi ya zama wasa aka sauko kan kujerar tsuguno. Na tambaye shi amfanin wannan, tunda ni tafiya nake nema.

Ya ce, “Ranar da maigari zai sauka bakin tabki, mi za ki fara yi in kin isa gabansa?”

“Gaisuwa.”

“Daga tsaye?”

Nan na gane. Mace ba ta gaida maigari a tsaye. Gwiwa biyu za ki kai ƙasa, ki zauna a haka har a gama da ke. Durƙusawa kowa na iyawa. Tashin ne, a gaban dattawa, ido duk a kanki. In na dafa ƙasa na yi ta nishi, ko wani ya miƙo mini hannu, ba sai wan mijina ya ƙara ko kalma ɗaya ba. Daga ranar na sa ganwo a ƙasa na fara koyon durƙuso da tashi, kamar yaron da ke koyon tsayuwa. Da ƙafar hagu nake fara tashi, yadda ya ce. In ba kowa a gida kuma in gwada da dama.

Saura tafiya mai nisa, ita kuma ƙasa tana yi mini tauri. Ya ce in shiga ruwa, ruwa na ɗauke wa ƙafa nauyi. Damanar nan Allah ya yi ruwa, tabki ya cika har ya taɓa itatuwa. Ya ba ni aron jakinsa. In ɗauki ƴan tsummokara kamar mai zuwa wanki, in na isa in shiga ruwa har ƙugu, in bi gefe in tafi, in juyo in dawo, in sake tafiya. A cikin ruwan nan na fara jin ƙafata tawa ce.

Mata masu wanki suka sa ni gaba.

“Yaya, zobenki ya faɗi ne mu taya ki nema?”

Wata ta ce, “Ku bar ta, kifi take kiwo.”

Na ci gaba da tafiyata cikin ruwa. Ban saba yi wa mutane bayanin kaina ba. Sai wasa ya juya ya zama wata magana. Aka fara cewa mace mai hankali ba ta kai da kawowa cikin tabki ba dalili. Aka ce tun ranar da na faɗa rijiya mutanen ruwa suka shige ni, su ke kirana. Wata tsohuwa ta aiko mini da turare, wata ta ce za ta kai ni wurin ƴan bori a yi mini girka. In na nufo, mata su ja ƴaƴansu. Labari ya kai wa wan mijina cewa yanzu ba ƙafa kaɗai ba ce, har da kai.

Na gaya wa taubashina. Ya ce ko in daina zuwa har magana ta kwanta.

Na ce, “Ruwan na yi mini amfani?”

“Yana yi.”

“To su ci gaba.”

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, ruwa ya fara ja da baya. Mai shela ya zaga ya ce maigari zai sauka bakin tabki ranar kaza da hantsi. Ranar ban ɗaura tsumma ba, ban ɗauki sanda ba, jakin ma na mayar wa mai shi. Na saɓa fartanya na fito da ƙafa. Ban yi sauri ba. Na tarar an shimfiɗa wa maigari a gindin gawo, liman na gefensa, dattawa da masu garka sun kewaye. Mace ni kaɗai. Na je daga gefe na kai gwiwa biyu ƙasa.

“Ranka shi daɗe.”

Ya amsa. Wan mijina ya matso ya faɗi tasa. Bai yi ƙarya ba ko ɗaya. Ya ce shi ya fito da ni daga rami, ya ce na kwanta bazara guda, ya ce ya nemi in raka shi ƙofa na kasa. Ya ce ƙasar ƙanensa ce, ba ya so ta lalace, kuma ya ɗauki cin marayu a wuyansa. Maganar ruwa bai faɗe ta ba, wani ne daga baya ya jefo ta.

Maigari ya dube ni. “Ke mi kika ce?”

“Zan noma, ranka shi daɗe.”

“An ce ba ki da ƙafa.”

“Da ita na zo.”

“An kuma ce kina yawo cikin tabki.”

“Magani nake. Likita ya ce in motsa ta, a cikin ruwa ba ta jin nauyina.”

“Ba kiran kowa kike amsawa ba?”

“Da suna kirana, ranka shi daɗe, da ko tarwaɗa ɗaya sun ba ni.”

Aka yi dariya, har liman ya rufe baki da hannun riga. Maigari bai yi ba. Bai kuma ce in tashi ba. Sai ya juya ga wasu mutum biyu da ke jayayya kan iyaka, ya shiga sauraronsu. Da aka gama da su aka ɗauko wata. Ni ina durƙushe. Ƙasar da sanyi, laka ce da ba ta gama bushewa ba. Na ji gwiwar ta fara yin nauyi, sannan ta fara sandarewa irin ta safiya. Har yau ban sani ba ko mantawa ya yi da ni ko da gangan ya yi. Na fi zaton da gangan, tsohon nan ba ya mantuwa. Ban gyara zama ba. A ƙarƙashin zane ina matse cinyata ina saki, ina matsewa ina saki, kada ta yi barci.

Can ya waiwayo kamar yanzu ya gan ni. “To, tashi ki nuna mana iyakarki.”

Wan mijina ba fuskata yake kallo ba, hannuwana yake kallo. Na kama ƙotar fartanya da hannu biyu a kafaɗata don kada su yi sha'awar ƙasa. Na ja ƙafar dama na kafa ta gaba. Na ce bismilla a raina, na danna. Ta yi ƙara, na ji ta, ban san ko sun ji ba. Cinyar ta ɗauka. Na miƙe tsaye a hankali, ban karkata ba, ban yi nishi ba. Na juya na shiga laka, irin wadda ke riƙe ƙafa sai ka fizge, na bi ta har inda tsohon shingena ya tsaya. Na sauke fartanya na sara.

Daga can na ji maigari na cewa, “A bar mata. In rani ya raba tana kan ƙafarta, kada a sake kawo mini wagga magana.”

Da taro ya watse wan mijina ya biyo ta gefen shinge. Ya ce, “Ba don in cuce ki na yi ba.”

Na ce, “Na sani, Yaya.”

Iyakar abin da muka ce ke nan, kuma mun zauna lafiya har ya rasu.

Taubashina na tsaye can yana tauna goro. Da na iso ya harare ni.

“Da hagu na ce ki tashi.”

“Ba hagu aka kawo ƙara ba.”

“Taurin kai dai. To bawa ya yi aiki, a biya shi da albasa. Manya, ba irin ƴan mitsi-mitsin da kike ba mutane ba.”

Sai da na isa gida na rufe ɗaki sannan na zauna, na ɗora tsumma mai sanyi. Ta yi zafi ranar. Washegari na duba, ba ta kumbura ba.

Rijiyar da na haƙa a wannan rani ba irin ta da ba ce. Na ɓata kwanaki ina sassare mata hanya mai gangare, matakai ƙanana kusa da kusa. Na sayi ƙaramin tulu. In na hau da dama, in hau da hagu. In zan cire ciyawa in sa ganwo ƙarƙashin gwiwa, in rana ta take in zauna a inuwa ko aiki bai ƙare ba. Maza suna wucewa suna cewa ga rijiyar raggaye. Wasu daga baya sun yi irinta, wasu sun ci gaba da dariya. Rairayin ma ban yar ba, duk na ji ƙafar na son yin sanyi sai in koma masa. Rani ya raba ina tsaye. Na noma garkar nan har ƴaƴana suka girma suka karɓe ni, ba wanda ya taɓa zuba musu da ludayin wani gida. Gwiwar ba ta koma sabuwa ba. Har yau in sanyi ya shigo tana yi mini magana, ni kuma yanzu ina saurare.

Abin da shekarar nan ta koya mini ba shi da yawa. Da na ɗauka ƙarfi shi ne ka cije ka ci gaba, kada kowa ya ji nishinka. Wannan na iya shi tun ina yarinya, kuma bai tsare mini komai ba. Abin da ya tsare mini garka shi ne aikin da na raina, ɗan kaɗan yau, ɗan kaɗan gobe, da yarda in koma baya ranar da jiki ya ce bai shirya ba. Wannan ya fi cijewa wuya. Ban gaji komai ba a duniya, ba a kuma ba ni komai don tausayi ba. Da ƙafata na riƙe abincin ƴaƴana, ƙafar kuwa ni na gina ta da kaina, a cikin ɗaki, ba mai kallo.